Shirun Sarkin Fawa

Samarin da ke zama da ni a rumfar shayi ta unguwar Gardole suna cewa a duk sana'o'in garin nan babu ta ɓagas kamar tawa. A ganinsu, in mutum ya san Hausa, ya san Larabcin kasuwa, ya ɗan leƙa lakwal, wato makarantar boko, ya tsinto Faransanci, shi ke nan ya zama tafinta. Kwanaki jikan maƙwabcina ya miƙo mini wayarsa, ya yi mata magana da Faransanci, ta mayar masa da Larabci. Ya ce, "Baba Habu, ga magajiyarka." Na ce masa ta iya, ba laifi. Na tambaye shi ko ta san inda za ta yi shiru. Bai gane tambayar ba, sauran ma ba su gane ba, shi ya sa zan yi bayanin daga tushe.

A Gardole aka haife ni. Kakana daga ƙasar Katsina ya taso da ƙafa zai tafi Makka, ya yada zango a bakin kogin Shari don ya ƙara guzuri, guzurin bai kammala ba har Allah ya yi masa rasuwa. Fawa ya kama, ita ya bar wa 'ya'yansa. A cikin gida Hausa muke yi, da ka fita ƙofa Larabci ne, a lakwal kuma Faransanci, kodayake ban yi nisa ba aka mayar da ni teburin naman kawuna. A wurin teburin nan Malam Gambo ya gan ni. Shi ne tafintan Sarkin Fawa na wancan lokaci, wato shugaban mahautan Hausawa na garin. Dogo ne siriri, in ya buɗe baki sai ka yi mamakin inda muryar take fitowa. Ya tarar da ni ina shiga tsakanin wani baƙo da ya zo daga Maraɗi, ba ya jin Larabci ko kaɗan, da wata mata daga unguwar Mursal mai son tsoka ba ƙashi. Ya tsaya ya saurara har suka rabu. Sannan ya ce wa kawuna, "Yaron nan bakinsa na da sauri. Ba ni shi, za a iya rage shi."

Taron farko da na bi shi suna ne a gidan wani dillalin shanu. Aikina riƙon buta da jakar lasifika, da tsayuwa a bayansa. Sarkin Fawa ya yi jawabi da Hausa, Malam ya mayar da Larabci. A hanyar komawa na karanta wa Malam jawabin gaba ɗaya daga kaina, ban yar da ko kalma ɗaya ba, ina jiran yabo. Ya bari na gama.

Ya ce, "Wannan ko aku zai iya. Ina ya tsaya?"

Na ce, "Wa, Malam?"

"Sarki. A ina ya tsaya, kuma me ya sa?"

Ban sani ba. Haka muka yi ta yi har damina ta zagayo. Kowane taro tambayar ɗaya ce, kuma bai taɓa barina na fassara ko da gaisuwa ba. Samarin yanzu ba za su jure wannan ba, ni ma don kawuna na da zafin hannu ne na jure.

Abin da na gano a tsayuwar nan shi ne shirun mai jawabi iri-iri ne. Akwai na jan numfashi. Tafintan da ya faɗa ciki ya yanke wa shugaba magana a tsakiya, ya bar shi da baki buɗe a gaban jama'a. Akwai wanda aka bar maka, inda shugaba zai sauke murya ya ɗan juyo da kafaɗa. Nan ce gonarka, ka shiga ka yi aikinka ka fita, kada tsawonka ya wuce nasa. Amma akwai wani shirun da shugaba ke yi ba don numfashi ba, ba don kai ba. Ya ajiye magana ne a tsakiyar mutane yana son ta nutse. Ko fassarar tana kan harshenka, ka riƙe ta. In kuma ka riga ka fassara bai ci gaba ba, kada ka ƙara komai, kada ka yi tari, kada ka gyara hula. Malam ya kan ce rabin ladan tafinta na abin da ya faɗa ne, rabi na abin da ya haɗiye. Matsalar ita ce duka ukun kamanninsu ɗaya ne a kunne. Da ido ake bambance su.

Kayan aikin ba su da yawa. Da na fara, lasifikar hannu ce mai batur, wadda in baturin ya yi sanyi muryarka za ta koma ta agwagwa, don haka kullum da sababbi a aljihu. Daga baya mikro, wato makirufo, ya zo da manyan akwatuna da injin wuta. Mikro yana da amfani a fili mai faɗi, amma yana da aibi guda: ba ya iya shiru. Ko ba ka ce komai ba yana gurnani, yana ɗaukar numfashinka ya kai wa na bayan taro. Shi ya sa na saba in shugaba ya tsaya in sauke shi zuwa cinyata. Sauran kayan na maƙogwaro ne: citta, kanumfari, zuma kaɗan a kwalba, da ruwan ɗumi. A zafin bazara, lokacin da kowa ke rububin ruwan ƙanƙara, tafinta ba ya taɓa shi sai an watse. Wurin tsayuwa ma kayan aiki ne. Hagu da shugaba, ka ɗan ja baya, yadda za ka ga gefen fuskarsa da hannunsa, jama'a kuma su gan shi kafin su gan ka. Rigarka kada ta fi tasa.

Aikin farko da na yi ni kaɗai taro ne a kan ruwan mayanka. Muryar Malam ta dushe a ranar, ya tura ni. Wani jami'i ya zo da takarda ya karanta da Faransanci. Masu karanta takarda sun fi kowa sauƙi ta wani gefen, don inda ɗigo yake nan suke tsayawa, ba ka da fargabar yanke su. Wahalarsu ita ce ɗigon marubuci ya sa shi, ba mai magana ba, sai ka ga an tsaya a inda babu abin tsayawa, an wuce da gudu a inda mahauta ke son su ji da kyau. Ranar na koyi cewa in mai jawabi bai ajiye shiru a inda ya dace ba, tafinta na iya ajiye shi a cikin fassara. Da na zo kan ranar da za a rufe famfo don gyara, na ɗan dakata kafin in faɗe ta. Kowa ya ɗaga kai. Babu wanda ya zo da saniya ranar.

Na yi wa mutane iri-iri aiki. 'Yan siyasa a lokacin neman ƙuri'a suna tsayawa don tafi. In tafin ya zo, ka jira ya lafa. In bai zo ba, wannan shirun rami ne, kuma kai aka ɗauka ka cike shi, sai ka shiga da sauri kamar dama kai ake jira. Masu wa'azi baƙi daga Najeriya wasu ba sa tsayawa sam, sai ka ja gefen riga. Akwai kuma Hajiya Zara, shugabar matan da ke busar da nama suna sayarwa, abin da muke ce wa sharmut. Ita ba ta yi karatu ba, ba ta kuma ɗaga murya. In ta zo kan babbar maganarta sai ta tsaya ta kama gyara lafayarta, ta warware wannan gefe ta jefa a kafaɗa, ta daidaita na kai, a hankali kamar tana ɗakinta. Kafin ta gama, har masu hira a bayan rumfa sun yi tsit. Sannan ta faɗi abin a jimla ɗaya ta zauna. Ban taɓa ganin ta maimaita magana ba.

Amma wanda na fi daɗewa da shi Alhaji Sale ne, wanda ya zama Sarkin Fawa bayan Malam Gambo ya ajiye aikin tafinta ya bar mini. Alhaji Sale ya fi ni Larabci. A garin nan aka haife shi, mahaifiyarsa Balarabiya ce. Duk da haka a babban taro ba ya magana sai da Hausa, ni in mayar. Wata rana muna dawowa daga kara, wato kasuwar shanu, na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Habu, kai kana magana, ni ina kallon fuskoki. Kafin ka gama na san wanda maganar ta shiga da wanda ta tsaya wa a wuya. Kuma in akwai kalmar da zan yi da-na-sani a kanta, kafin ka gama ta huce."

Alamarsa a hannun dama take. Carbi yake riƙewa. In ya tsaya yana jan carbin, nawa ne, in shiga. In ya dunƙule hannu a kansa, in riƙe.

Akwai taron da aka yi a rumfar mahauta bayan likitan dabbobi ya kama naman da ba a yanka a mayanka ba. Mahauta Hausawa na nan, ga na wasu ƙabilu da ke aiki tare da mu. Alhaji ya miƙe, ya yi sallama, ya ce, "A cikinmu akwai wanda ya sayar wa Musulmi mushe." Ya dunƙule hannu. Na sauke mikro. Masu jin Hausa suka sunkuyar da kai, waɗanda ba sa ji suka kama kallonsu. Alhaji bai kalli kowa ba, bangon rumfa yake kallo. Shirun ya yi tsawo har na fara jin kukan ƙudaje a kan tebura. Can sai wani mutum ya tashi daga tsakiya, ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita. Alhaji ya saki carbi, na fassara jimlar, ya wuce zuwa maganar shara. Mutumin bai sake kafa tebur a kasuwar ba. Da Alhaji ya kira suna, da dangin mutumin sun tashi kare shi, da an kwana ana rantse-rantse.

Mummunar shekarata ta fara ne a bazarar da ɓarin jikin Alhaji Sale ya shanye. Gefen dama ne, hannu da ƙafa, harshe ma ya yi nauyi. Aka ba ɗan ƙanensa, Alhaji Bala, riƙon sarauta. Bala mutum ne mai gaskiya da himma, shi ya kawo wa mahauta motar ɗaukar nama mai sanyi, kuma harsuna uku yake yi ba gargada. Ya kira ni gidansa, ya ba ni shayi, ya ce, "Baba Habu, ba raini ba ne. Yanzu kowa na jin Larabci, taro ya yi ta ninkuwa biyu ba dalili. Ka huta." Maganarsa da gaskiya a ciki, na ce to. Na koma teburin ɗan kawuna ina yanka nama, hannuna ya manta wuƙa har na sha yankewa. In an samu baƙo daga Zinder ko Kano da ke son rakiya asibiti ko ofis, in hau klando, wato babur na haya, in raka shi. Wannan shi ne ƙasan sana'ar, fassarar "ina ke maka ciwo" da "kawo hoto biyu".

A cikin daminar shekarar aka yi kisa a kara. Gardama ce a kan sa guda da mutum biyu suka taya. Wani matashin mahauci daga cikinmu ya zaro wuƙa ya soki ɗan Alhaji Abakar, wani babban mai shanu Balarabe mai zaune a unguwar Atron. Kafin a kai shi asibiti ya cika. Hukuma ta kama wanda ya yi, amma wannan bai rufe maganar ba, don tsakanin masu shanu da mahauta akwai abin da kotu ba ta gyarawa.

Bala ya ɗauki dattawa suka tafi ta'aziyya, ni ma na bi a cikin jama'a. Ya yi magana da Larabci mai kyau. Ya yi ta'aziyya yadda ake yi. Ba wanda ya amsa. Uban mamacin na zaune yana kallon tabarma. Ina daga baya ina gani, shirun ya yi wa Bala nauyi. Sai ya ci gaba, ya ce mahauta a shirye suke su biya diyya, a faɗi abin da ake so. Ba wanda ya amsa. Ya ƙara da cewa in an duba, gardamar daga ɓangare biyu ta taso, shaiɗan ne ya shiga tsakani. Alhaji Abakar ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Kun zo taya ɗana kamar sa." Ya shige cikin gida.

Washegari masu shanu, Larabawa da Fulani, suka daina sayar wa mahautan Hausawa. Ba sanarwa aka yi ba. Ka je kara, ka taya, mai shanu ya juya maka baya. Tebura suka bushe. Masu tsire suka kashe wuta, matan sharmut suka naɗe igiyoyinsu. Wasu suka riƙa tafiya ƙauyuka masu nisa neman awaki, cikin laka, su dawo da biyu ko uku. Abin da ya fi wannan muni shi ne samarinmu sun fara yawo da wuƙa a ƙugu ba don aiki ba, na can ma haka. Mahauci ba ya rasa wuƙa. Kowa ya san saura ƙiris a sake ɗaukar wata gawa.

Hajiya Zara ce ta je gidan Alhaji Sale. Ban san abin da ta faɗa masa ba. Da hantsi aka aiko mini in zo. Na tarar da shi a kan kujera a zaure, an sa masa babbar riga, matarsa daga bakin ƙofa tana cewa likita ya hana shi fita. Bakinsa ya karkace, kalmomi ɗaya-ɗaya suke fitowa, wasu sai ya nema.

Ya ce, "Habu. Atron. Gobe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da mikro?"

Ya girgiza kai.

Da safe muka tafi. Gidan Alhaji Abakar sabon gini ne a ƙarshen unguwa, ruwan sama ya kwanta a hanya, sai da aka ɗauki Alhaji a hannu daga inda mota ta tsaya. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ƙarƙashin rumfar tamfol. Masu shanu sun cika gefe guda, mu muka zauna a ɗaya gefen. Ba a kawo shayi ba. A garin nan in ka zauna a ƙofar mutum bai kawo shayi ba, ya riga ya gaya maka matsayinka.

An kawo wa Alhaji Sale kujera, ya ƙi. Bala ya riƙe shi ta dama, Alhaji Sale ya tsaya da sanda a hagu, ni na tsaya a wurina. Sai a lokacin na lura da abin da ban yi tunaninsa ba tun daga gida. Hannun carbin yana rataye kamar tsumma. Babu jan carbi, babu dunƙulewa. Alamar da na yi shekaru ina aiki da ita ta tafi.

Ya yi sallama, aka amsa ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce, a hankali, kalma bayan kalma, "Alhaji Abakar. Ɗanka ya mutu a hannun ɗanmu."

Ya ɗan juyo da kafaɗa. Na mayar da Larabci yadda ya faɗa. Akwai hanyoyin tausasa irin wannan jimla, a ce ƙaddara ta faɗa, a ce Allah ya karɓi abinsa. Ban yi ba. Ba abin da ya ce ke nan ba.

Sai ya buɗe baki zai ci gaba, ba abin da ya fito. Leɓensa na motsi. Ya rufe, ya sake buɗewa. Aka yi tsit. Ina jin injin niƙa daga wani gida can nesa, wani klando ya wuce yana fantsama ruwa. Bala ya karkato kansa ta bayan Alhaji ya yi mini raɗa.

"Baba Habu, ka cika masa. Ka san abin da yake nufi."

Wani dattijo daga bayana ya ja gefen rigata. Gaskiya ne na san abin da ake faɗa a irin wannan wuri, na fassara shi ba adadi: a yi haƙuri, a dubi zumunci, a dubi Allah. Da na faɗa, ba wanda zai ce na yi ƙarya, kuma da na rufa wa dattijo mara lafiya asiri a gaban mutane. Na dubi gefen fuskar Alhaji, ban karanta komai ba, ciwon ya shafe ta. Sai na dubi wanda ake yi wa maganar. Alhaji Abakar, wanda tun zuwanmu tabarma yake kallo, ya ɗaga kai. Alhaji Sale yake kallo, tsoho a tsaye da rabin jiki yana kokawa da harshensa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Mutumin da ke shirin magana daban yake da mai jiran a gama. Na haɗa hannuwana a baya, na kalli ƙasa.

Bala ya sake cewa, "Baba Habu." Ban amsa ba.

Ban san tsawon lokacin ba. A irin wannan tsayuwa lokaci ba ya aunuwa. Abin da na sani shi ne bakin Alhaji Sale ya daina motsi, ya tsaya kawai yana kallon mutumin.

Sai Alhaji Abakar ya yi magana da Larabci, muryarsa ƙasa.

Ya ce, "Sunansa Yusuf. Tun da abin ya faru, ba wanda ya zo daga wurinku ya kira sunansa."

Ya ci gaba. Ya ce Yusuf tun yana ƙarami yake gane shekarun saniya daga haƙori. Ya ce shi ne mai tashinsa sallar asuba tun da kunnensa ya yi nauyi. Ya nuna filin da ke jikin gidan, inda aka jera bulo ruwa ya jiƙa su, ya ce nan za a gina masa ɗaki, bayan Layya za a ɗaura masa aure. Ya ce ranar da abin ya faru shi ya aike shi kara, don ƙafarsa na ciwo. Ya daɗe yana magana. Wani lokaci ya tsaya, a jira shi, ya ci gaba. Ban fassara ko kalma ɗaya ba. Waɗanda ba sa jin Larabci sosai a cikinmu ma ba su nemi fassara ba.

Da ya gama, Alhaji Sale ya ce, "Allah ya jiƙan Yusuf." Wannan ta fito masa sarai. Gefe biyu suka ce amin tare. Aka zaunar da shi a kujera, gumi ya jiƙa masa riga. Alhaji Abakar ya juya wurin ƙanensa ya ce a kawo shayi.

Ba a ranar aka gama ba. Maganar diyya malamai da dattawa suka yi ta daga baya, kotu ta yi nata, wanda ya yi kisan yana ɗaure. Kara ta buɗe mana sannu a hankali, kuma akwai masu shanun da har yau ba sa sayar wa dangin yaron nan. Amma ba a sake zubar da jini ba, tebura suka koma aiki kafin Layya.

Bayan an naɗa Bala sarautar sosai ya aiko mini. Ya ce a ƙananan taro zai ci gaba da yin Larabcinsa, amma in magana mai nauyi ce yana son in tsaya a hagunsa. Har yanzu ina tsayawa. Yana da sauri har gobe, sai dai ya sayi carbi.

Alhaji Sale bai sake fita taro ba. Na kan je gaishe shi ranar Juma'a bayan an sauko. Wata Juma'a na tarar da shi shi kaɗai a zaure, harshen ya ɗan saki, sai na yi masa tambayar da ke cina, don tambaya ce ta sana'a, kuma ba wanda zai amsa ta sai shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, shirun nan na Atron, ciwo ne ko niyya?"

Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama a kan cinya.

Ya ce, "Da farko ciwo ne. Kalmar ta ɓace mini. Ina nema, ina nema."

"Daga baya fa?"

"Ta dawo. Na dubi mutumin, na ga ba ya buƙatarta."

Na ce, "Wace kalma ce?"

Ya yi ɗan murmushi da rabin bakin da ke aiki. Ya ce in miƙo masa buta, la'asar ta yi. Da damina ta zagayo ya rasu, bai faɗa mini ba.